Shin sai wanda ya daɗe a aji ne ya cancanci horar da malamai a jami'a?

Malamar_Lissafi:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Shekarata shida ina koyar da lissafi a sakandare, kuma bara na kammala digiri na biyu a fannin nazarin manhajar karatu. Burina shi ne in yi digirin digirgir, in koma jami'a ko kwalejin horar da malamai, in riƙa koyar da masu shirin shiga aji, ina kuma bincike a kan yadda ake tsara abin da ake koya wa yara. Shawarwarin da nake samu sun rabu gida biyu. Malamin da ya duba kundina ya ce in ajiye alli tun yanzu in fuskanci karatu, domin a jami'a rubuce-rubucen bincike ake ƙirgawa, kuma duk shekarar da na ƙara a sakandare jinkiri ce. Shugabar makarantarmu kuma ta ce shekara shida ba ta kai a ce mutum ya san aji ba, balle ya tsaya gaban wasu yana koya musu yadda ake riƙe shi. Akwai magana ta uku da ta fi tsaya mini a rai: wani abokin karatuna ya ce tsangayar ilimi mafaka ce ta waɗanda suka kasa yin fice a ainihin fanninsu. Ina roƙon waɗanda suka bi wannan hanya su faɗa mini yadda aikin yake daga ciki, da kuma ko akwai adadin shekarun koyarwa da ya kamata mutum ya cika kafin ya nemi zama mai horar da malamai.

Tsohon_Lakcara:
Wa alaikumus salam, 'yata. Na shafe fiye da shekara talatin a tsangayar ilimi kafin in yi ritaya, kuma abu na farko da zan gaya miki shi ne mai wannan aiki iyayen gida biyu yake yi wa hidima. Jami'a tana son takardun bincike da aka buga a mujallun da masana suka tantance, da ɗaliban digiri na biyu da na uku da aka yaye a hannunki, da halartar tarukan ƙara wa juna sani. Makarantu kuma suna son malamin da zai shiga aji ranar farko bai ruɗe ba. Waɗannan buƙatu biyu ba kullum suke tafiya tare ba, kuma kwamitin ƙarin girma na farkon yake gani a takarda.

Ga yadda zangon karatu yake kasancewa. Za ki yi lakca ga aji mai ɗalibai da yawa a kan dabarun koyarwa ko tushen manhaja. Za ki zauna da ƙananan rukuni suna gwada koyar da juna darasi na minti goma, kina gyara musu tsayuwa da murya da rubutun allo. Idan lokacin koyarwar gwaji ya zo, za ki yi makonni kina zagaya makarantu, kina zama a kujerar baya, kina cike takardar auna ɗalibi. Bayan wannan duka kundayen bincike suna jibge a teburinki, kowane mai kundi yana jiran gyara. Naki rubutun kuwa sai dare ko lokacin hutu. Abokin aikinki na sashen tarihi ko kimiyyar sinadarai ba ya zagayen makarantu, amma da ma'auni ɗaya za a auna ku ranar ƙarin girma. Na ga haziƙan malamai da ɗalibai ke ƙauna sun daɗe a matsayi ɗaya saboda sun ba da ransu ga duba koyarwar gwaji, na kuma ga waɗanda suka hau da sauri alhali rabonsu da shiga ajin firamare tun suna yara.

Game da adadin shekaru, ban yarda akwai wata lamba da za a yanke ba. Shekara shida a gaban yara na gaske ba ƙaramin jari ba ne. Abin da zan tambaye ki shi ne ko a cikin shekarun nan akwai wata tambaya da ta hana ki barci, wadda kika rasa amsarta a littafi. Idan akwai, lokacin digirin digirgir ya yi. Idan kuwa gajiya da aji ce take tura ki, to ki sani ajin zai biyo ki har jami'a.

Jan_Biro:
Ranka ya daɗe Tsohon_Lakcara, na ji daɗin bayaninka, amma ni ina bayan shugabar makarantar Malama. Shekara goma sha ɗaya ina shugabantar makarantar firamare, kuma duk shekara ana turo mana ɗalibai koyarwar gwaji. Wata rana wani lakcara ya zo duba ɗalibarsa a aji biyu. Ya zauna bai fi minti goma sha biyar ba, ya karɓi littafin tsarin darasinta, ya rage mata maki saboda ta rubuta manufar darasi da kalmar "fahimta" maimakon kalmar da za a iya aunawa. A daidai lokacin yara uku a layin baya ba su da abin rubutu, ɗaya yana kuka, kuma yarinyar ta yi dabarar haɗa su da maƙwabtansu ba tare da darasin ya tsaya ba. Bai ga wannan ba sam, domin idonsa bai saba da aji ba. Da na yi masa magana a ofis sai ya ce shi bai taɓa koyarwa a firamare ba. To ta yaya wanda bai taɓa shan ƙurar alli ba zai auna mai shanta? A ganina kamata ya yi a sa sharaɗi, kada a ɗauki kowa aikin horar da malamai sai ya yi aƙalla shekara goma a makaranta.

Ɗan_Tsangaya:
Malam Jan_Biro, labarinka ya taɓa ni, domin ni ma shekara biyu kacal na koyar kafin in shiga jami'a, kuma na san irin kuskuren da ka kwatanta. Sai dai ina ganin sharaɗin shekara goma ba zai magance shi ba. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Dan Lortie, ya yi bayani a 1975 cewa kafin mutum ya shiga kwalejin horar da malamai ya riga ya zauna kimanin awa 13,000 yana kallon malamai suna koyarwa, tun daga firamare har ƙarshen sakandare. Saboda haka yana zuwa da cikakken hoton koyarwa a kansa, amma hoton daga kujerar ɗalibi aka ɗauke shi. Bai ga shirin da malami ya yi da dare ba, bai ga dalilin da ya sa aka zaɓi wannan misali aka bar wancan ba. Idan ya fara aiki kuma abu ya cushe masa, sai ya koma koyarwa yadda aka koyar da shi.

Abin da nake nufi shi ne daɗewa a aji tana iya ƙarfafa wannan gado maimakon ta gyara shi. Akwai malamin da ya yi shekara ashirin yana maimaita darasin shekararsa ta farko. Aikin mai horar da malamai shi ne ya sa ɗalibi ya fito da wannan hoto ya dube shi, ya tambayi kansa me ya sa yake yin abin da yake yi, kuma wannan yana buƙatar karatu da sanin hanyoyin bincike waɗanda aji kaɗai ba ya bayarwa. Gwanin malami sau da yawa ba ya iya bayyana gwanintarsa. Ka tambaye shi yadda ya san yara ba su gane ba, sai ya ce shi dai ya gani a fuskarsu. Gaskiya ya faɗa, amma sabon malami ba zai iya koyon komai daga wannan amsa ba sai an warware masa ita dalla-dalla.

Jan_Biro:
Na yarda akwai masu maimaita shekara ɗaya sau ashirin, ina da irinsu a makarantata. Amma ka lura, Malam Ɗan_Tsangaya, wanda ya daɗe a aji yana iya zuwa ya yi karatun da kake magana a kai, shi kuwa wanda ya zama babban lakcara da wuya ya sauko ya riƙe aji biyu na zango guda. Shi ya sa nake cewa a fara da ajin.

Uwar_Ɗalibai:
Bari in shigo da abin da na gani da idona, domin shekara tara ke nan ina kula da koyarwar gwaji a sashenmu, kuma lissafi na koyar kafin nan kamar Malama mai tambaya. Na taɓa zama a bayan wani aji huɗu inda ɗalibina yake koyar da kason lamba. Yaro ne mai ƙoƙari, makinsa na lissafi ya fi na kowa a ajinsu. Ya rubuta ɗaya bisa huɗu da ɗaya bisa takwas a allo, ya tambayi wanne ya fi girma. Kusan duk ajin suka ce ɗaya bisa takwas. Ya ce ba haka ba ne, ya maimaita ƙa'idar, ya sake tambaya, suka ba shi amsar da yake so, ya wuce. Bayan an tashi na tambaye shi me ya sa yaran suka zaɓi ɗaya bisa takwas. Ya yi shiru, can ya ce ba su mai da hankali ba. Na ce a'a, sun mai da hankali ƙwarai, shekara uku ana koya musu cewa takwas ta fi huɗu, kuma da wannan ilimi suka yi aiki. Washegari ya zo da takardu, kowane yaro ya ninke tasa gida huɗu, ya sake ninke wata gida takwas, suka ɗora rubu'i a kan sumuni. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce ashe idan masu rabo suka yi yawa kason kowa raguwa yake yi. Fuskar ɗalibina a wannan lokaci ita ce dalilin da ya sa har yau ban nemi sauya sashe ba.

Wannan shi ne abin da masanin ilimi Lee Shulman ya ja hankalin masana a kai a 1986: sanin darasi daban, sanin dabarun koyarwa na gaba ɗaya daban, sannan akwai ilimi na uku da ya haɗa su, wato sanin inda yara ke tuntuɓe a wannan darasi takamaimai, da misalin da ke buɗe musu shi. Farfesan lissafi ba lallai ne ya san dalilin da ya sa yaro ke haɗa rabi da sulusi ya samu biyu bisa biyar ba. Wannan ilimi shi ne fanninmu, kuma shi ne amsata ga abokin karatun da ya ce tsangayar ilimi mafakar kasassu ce. Ƙanwata Malamar_Lissafi, shekarunki shida cike suke da irin waɗannan tuntuɓe. Ki fara rubuta su tun yau a littafi guda, da kwanan wata da ainihin kalmomin da yaron ya furta, domin idan kika bar aji za su gushe daga ƙwaƙwalwarki da saurin da ba ki zata ba.

Baƙon_Zaure:
Ku gafarce ni, ni ba malami ba ne, mahaifi ne mai bibiyar wannan zaure. Ina jin ana ta cewa nazarin manhaja. Ni a sanina manhaja ita ce jerin darussan da hukuma ke bugawa ta raba wa makarantu. Mene ne a cikinta da har mutum zai yi digirin digirgir, ya kuma shafe rayuwarsa yana bincike a kai?

Mai_Nazarin_Manhaja:
Tambayarka tana kan hanya, Malam Baƙon_Zaure, kuma amsarta za ta taimaki mai tambayar farko. Jerin darussan da ka ambata ɓangare ɗaya ne. Masu wannan fanni sukan raba manhaja hawa uku: wadda aka rubuta a takarda, wadda malami ya koyar a zahiri, da wadda ta zauna a kan yaro. Tazarar da ke tsakanin ukun nan ita ce gonar da muke nomawa. Takarda tana iya cewa yara su yi gwajin kimiyya da hannunsu, malami ya karanta musu gwajin daga littafi saboda babu kayan aiki ko lokaci ya ƙure, yaro kuma ya tashi da haddar sakamakon ba tare da sanin yadda aka same shi ba. Jarrabawa ma tana da ƙarfin da ya fi na takardar hukuma, domin abin da ake tambaya a jarrabawa shi malamai ke koyarwa. Akwai kuma abin da masanin ilimi Philip Jackson ya kira ɓoyayyiyar manhaja a 1968, wato darussan da babu wanda ya rubuta amma kowane yaro yana koya: jiran layi, yin shiru, sanin wanda ake yabo da wanda ake ƙyalewa.

A 1949 Ralph Tyler na Jami'ar Shikago ya tsara tambayoyi huɗu da har yanzu ake fara koya wa ɗalibai: wace manufa makaranta ke son cimmawa, waɗanne ayyukan koyo ne za su kai ga manufar, yaya za a jera su, kuma yaya za a gane an cimma ta. Tambayoyin suna da sauƙin faɗa, amma ta farkon kaɗai ta isa ta haddasa gardamar shekaru, domin wane ne zai yanke abin da ya cancanci a koya wa 'ya'yan al'umma, tarihin wa za a saka, na wa za a bari? Shekara ashirin bayan haka, a 1969, Joseph Schwab na wannan jami'a ya fito ya ce fannin yana gargarar mutuwa saboda masanansa sun nutse a ra'i sun bar matsalolin makarantu na zahiri. Ina kawo wannan ne don Malam Jan_Biro ya san ƙorafinsa ba daga waje kaɗai yake zuwa ba, 'yan cikin gida sun daɗe suna yin sa. Lawrence Stenhouse a Ingila ya ɗauki wata hanya a 1975, ya ce manhaja shawara ce da ake gwadawa a aji, kuma malamin ajin shi ne mai binciken da zai tabbatar ko ta yi aiki. Idan aka bi ra'ayinsa, Malama ba ta buƙatar zaɓa tsakanin alli da bincike, ajinta shi ne ɗakin gwajinta.

Alli_da_Allo:
Tunda an zo kan amfanin binciken manhaja, akwai misalin da ya kamata a ambata. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a jami'ar da ke Ile-Ife suka fara gwajin koyar da yara dukkan darussan firamare na shekara shida da Yarbanci, Ingilishi kuma a matsayin darasi guda. Sai da suka rubuta littattafai, suka samar da kalmomin lissafi da kimiyya, suka sake horar da malamai, sannan suka kwatanta yaran da waɗanda aka koyar ta hanyar da aka saba. Yaran da suka yi karatu da harshen gida ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin kansa. Wannan aiki ne na malaman tsangayar ilimi, kuma ya haɗa tsara manhaja da horar da malamai da bincike a wuri ɗaya. Abin da ke damuna shi ne sakamako irin wannan yakan tsaya a rahoto, masu yanke hukunci su ci gaba da abin da suka saba. Duk mai shiga wannan fanni ya shirya wa wannan ɓacin rai, domin za ka iya tabbatar da abu da hujja ka kuma ga an yi shekaru ba a taɓa shi ba.

Ɗan_Tsangaya:
Maganar harshen koyarwa tana buƙatar zaurenta daban, Malam Alli_da_Allo, kada mu bar Malama a tsaye. Ina so in koma kan shawarar malamin da ya duba kundinta, domin akwai gaskiya a ciki da bai kamata a rufe ba. Buga takarda a mujallar kirki yana cin lokaci. Za ki aika, edita ya tura wa masana biyu ko uku da ba su san sunanki ba, ki jira watanni, a dawo miki da gyare-gyare masu zafi ko a ƙi karɓa gaba ɗaya, ki gyara ki sake aikawa. Takardata ta farko sai a mujalla ta uku aka karɓe ta. Saboda wannan wahala wasu ke faɗawa hannun mujallun bogi, waɗanda ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako biyu ba tare da tantancewa ba, kuma sunan da ya ɓaci ta wannan hanya yana da wuyar wankewa.

Wani abin da ya raunana fanninmu shi ne yawan binciken da ba ya wuce raba takardar tambayoyi a nemi ra'ayin malamai a kan wani abu, a lissafa matsakaici, a rubuta shawarwari goma. Irin wannan yana da sauƙi, amma ba ya gaya wa kowa abin da ke faruwa a aji. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, a farkon shekarun 1970, ta naɗi muryoyin darussa ta auna tsawon shirun da malami ke yi bayan ya yi tambaya. Ta samu kimanin daƙiƙa ɗaya ne, kuma idan aka tsawaita shi zuwa daƙiƙa uku amsoshin yara sukan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Tambaya ƙarama, awo mai tsabta, sakamakon da kowane malami zai iya gwadawa gobe da safe. Irin wannan nake fata Malama ta nufa.

Tsohon_Lakcara:
Ɗana Ɗan_Tsangaya ya faɗi gaskiya a kan takardun tambayoyi, kuma mu manya muna da laifi, domin mu muka riƙa sa hannu a kan irin waɗannan kundaye. Zan ƙara abu ɗaya. A 1990 wani masanin ilimi ɗan Amurka, Ernest Boyer, ya ba da shawarar jami'o'i su faɗaɗa abin da suke kira aikin masani ya zama iri huɗu: gano sabon ilimi, haɗa ilimin fannoni daban-daban, amfani da ilimi wajen warware matsalar jama'a, da nazarin koyarwa kanta. Wasu jami'o'i sun gyara ƙa'idojin ƙarin girmansu a kan haka, da yawa ba su gyara ba. Saboda haka, 'yata, kafin ki karɓi aiki a ko'ina ki nemi kundin ƙa'idojinsu ki karanta da kanki. Ki duba ko rubuta littafin makaranta yana da maki, ko aikin kwamitin manhaja yana da maki, ko duba koyarwar gwaji ana lissafa shi cikin nauyin aiki. Kwalejin horar da malamai takan fi ba koyarwa muhimmanci, jami'a takan fi karkata ga bincike, kuma sanin wannan tun farko zai rage miki takaici.

Matafiyi:
Ni ina ganin ƙasar Finland ta riga ta raba wannan gardama. Tun a shekarun 1970 suka mayar da horar da malamai cikin jami'o'i, kuma daga 1979 malamin firamare ma sai da digiri na biyu. Jami'o'in suna da makarantunsu na gwaji, inda ɗalibi ke koyarwa a ƙarƙashin ƙwararrun malamai, kuma kowane ɗalibi yana rubuta kundin bincike. A Japan kuma malamai kan taru su tsara darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar sauran suna kallon yadda yara ke tunani, sannan su zauna su tattauna, wani lokaci da malamin jami'a a matsayin mai sharhi. A irin waɗannan tsare-tsare babu katanga tsakanin jami'a da aji, don haka tambayar Malama ba za ta ma taso ba. Me zai hana kowa ya kwaikwaya?

Mai_Nazarin_Manhaja:
Abin da ka faɗa game da ƙasashen biyu daidai ne, Malam Matafiyi, amma kwaikwayon ba shi da sauƙi haka. Finland ƙasa ce mai mutane ƙasa da miliyan shida, kuma masu neman gurbin karatun malanta sun ninka guraben da ake da su, don haka tana zaɓe. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ƙiyasta cewa duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Inda ake neman malamai da wannan yawa, lakcara ɗaya yakan sami kansa da ɗaliban gwaji masu yawa warwatse a makarantu masu nisa da juna, kuma wannan na cikin dalilan ziyarar minti goma sha biyar da Malam Jan_Biro ya gani. Ban wanke wancan lakcara ba, amma nauyin ma a dube shi. Makarantar gwaji ta jami'a kuwa tsohuwar dabara ce, masanin falsafar ilimi John Dewey ya buɗe tasa a Shikago tun 1896.

Malamar_Lissafi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Tsohon_Lakcara, tambayar da ka yi mini ta sa na kwana ina tunani, kuma ina jin ina da amsa. Shekara shida ina ganin yaran da ke iya lissafin lambobi da kyau suna rushewa a makon da aka shigo da haruffa. Yaro zai gaya mini cewa uku da biyar takwas ne, amma idan na rubuta harafi a madadin biyar sai ya tsaya yana kallona. Na lura da yawansu suna ɗaukar alamar daidai a matsayin umarnin rubuta amsa, ba su ganin ta a matsayin sikeli mai gefe biyu. Ina zargin matsalar tana farawa tun firamare, daga yadda aka jera darussan da irin misalan da ke cikin littattafai. Wannan nake so in bincika. Yaya Uwar_Ɗalibai, na sayi littafin rubutun, na fara da abin da wani yaro ya ce mini jiya. Abin da ban yanke ba shi ne ko in yi digirin ina ci gaba da koyarwa, ko in nemi hutun karatu. Ina tsoron idan na haɗa biyun kowanne zai samu rabin hankalina, kuma yaran ba su yi laifin da za a ba su rabi ba.

Uwar_Ɗalibai:
Tambayarki ta bincike tana da kyau, kuma an yi rubuce-rubuce da dama a kan yadda yara ke fahimtar alamar daidai, don haka za ki sami inda za ki ɗora ƙafa. Ni na haɗa biyun, ya ɗauke ni shekara shida, kuma ba zan ɓoye miki ba, akwai zangon da ɗalibaina suka cutu. Amfaninsa shi ne ban taɓa rasa ajin da zan gwada abu ba. Sai dai bincike a ajinki yana da nasa sharuɗɗa: izinin hukumar makaranta da na iyaye, ɓoye sunayen yara, da kuma wani ya riƙa duba fassarar da kike yi wa abin da kika gani, domin mai koyarwa yana son ya ga dabararsa ta yi aiki. Kafin komai ki nemi mai duba kundin da ya san koyar da lissafi, ki tambayi tsofaffin ɗalibansa tsawon lokacin da babi ke yi a hannunsa kafin ya dawo.

Jan_Biro:
Malama, har yanzu ina kan ra'ayina cewa shekara shida ta yi kaɗan, amma yadda kika kwatanta yaron da ke tsayawa a gaban harafi ya nuna mini idonki ya buɗe a aji. Tunda kina zargin matsalar daga firamare take, kuma ke a sakandare kika koyar, ina ganin kafin ki rubuta shawarar bincikenki ki nemi wata firamare kusa da ke, ki zauna a aji uku da aji huɗu na zango guda, ko da sau ɗaya a mako ne. Malam Ɗan_Tsangaya, kai da ka san ƙa'idojin jami'a, irin wannan zama ana iya lissafa shi cikin aikin digirin, ko sai an amince da batun binciken tukuna?